Huɗu, In Ji Mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin da nake shekarar ƙarshe a jami'a a Yamai, na dawo Filinge da jaka cike da takardun tambayoyi, kaina kuma cike da mafarki. Wasu daga cikinku sun sha tambayata dalilin da ya sa na ƙara shekara guda kafin in kammala karatu, har akwai masu zaton faɗuwa na yi. Ban faɗi ba. Ƙi na yi, kuma yau zan gaya muku yadda abin ya kasance.

Sai na fara faɗa muku irin yarinyar da nake a lokacin. Tun ina koleji nake sayen ƙananan littattafan soyayyar nan na kasuwa, waɗanda bangonsu ke ɓarewa kafin mutum ya kai tsakiya. Sun lalata ni ta hanya mai daɗi. Duk abin da zan yi sai na fara ganin kaina a matsayin tauraruwar labari. In mota ta tsaya a Baleyara direba ya sauka shan shayi, ni a raina ana rubuta cewa na leƙa ta taga idanuna cike da kewar gida, alhali kuwa ƙafata ce ta sage saboda buhun albasar da aka jingina mini. Har ƙarshen labarina na riga na tsara shi. Zan tsaya gaban malamai ranar sutanans, wato ranar da ɗalibi ke kare kundin bincikensa, ina sanye da farin leshi. Zan yi magana har ɗakin ya yi tsit. Can a kujerar baya saurayina na zaune yana kallona, sannan bayan 'yan makonni a ɗaura mana aure. Wannan ɓangaren na ƙarshe ba mafarki ba ne, domin mahaifina ya riga ya gaya wa mutanen saurayin nawa cewa ranar da na kammala karatu su zo a sa rana, kafin nan kuwa kada su wahalar da takalmansu.

Binciken nawa a kan jardan ne, makarantar ƙananan yara da ake kai su kafin su isa shiga lakwal, wato firamare. Tambayar mai sauƙin faɗa ce: yaron da ya yi jardan, shin yana fin wanda bai yi ba idan sun yi nisa a firamare, wajen karatu da lissafi da iya buɗe baki a aji? Amsa ta da gaskiya shi ne mai wuya. Kowa a Filinge ya san 'ya'yan wa ke zuwa jardan. 'Ya'yan ma'aikata ne da na manyan 'yan kasuwa, waɗanda gidajensu akwai wuta, akwai mai jin Faransanci, akwai abin karin kumallo. In ka jera su da 'ya'yan manoma ka ce ga shi jardan ya yi aiki, to gidan ka auna, makarantar tana gefe ba ka taɓa ta ba.

Ni ce na kawo dabarar da na ɗauka ta warware wannan matsala. Na ce mu nemo wa da ƙane, ko ya da ƙanwa, ɗaya ya yi jardan ɗaya bai yi ba, mu gwada su. Uwa ɗaya, uba ɗaya, tukunya ɗaya, duk bambancin da ya fito sai mu ce na jardan ne. Malamin da ke duba aikina ya ajiye tabarau ya ce wannan tunani ne mai kyau. Na fita ofishinsa ina tafiya kamar an shimfiɗa mini darduma har bakin titi.

Ƙawata ta biyo ni Filinge don ta taimaka. 'Yar ajinmu ce, haifaffiyar Yamai, Zabarmanci da Faransanci a bakinta kamar ruwa, Hausarta kuwa irin ta ciniki ce amma tana isarta. Malaman firamare suka taimaka mana muka gano yaran da suke 'yan'uwan juna. Muka raba aiki: ni ina makarantu ina gwada yara, ita tana shiga gidaje tana tambayar iyaye mata, saboda ni 'yar gari ce, an ce kada sanayya ta gurɓata amsoshi.

Tun makon farko ta fara dawowa da murna. Ta ce wani abin mamaki take gani. In ta tambayi uwa game da yaron da ya yi jardan, sai uwar ta saki baki, yaushe ya yi haƙori, me yake so, wace waƙa yake yi. In ta juyo kan wanda bai yi ba, wanda yawanci shi ne babba, sai uwar ta kau da kai ta ce ba ta sani ba, ko ta yi dariya ta tashi ta ce tukunya na ƙonewa. Ƙawata ta ce ashe jardan har iyaye mata yake gyarawa, yana sa su kula da 'ya'yansu. Ni kuma a makaranta ina ganin ƙannen sun fi yayyen sakin jiki da Faransanci. Komai ya zo daidai da abin da muke fata. Na zauna na rubuta wani shafi mai zaƙi a kan yadda jardan ke buɗe zuciyar uwa, wanda har yau in na tuna shi nake rufe fuska.

Wata rana da la'asar muna zaune a tsakar gidanmu, mahaifiyata na tsinke zogalen da za ta yi mana kopto, wato kwaɗo. Ƙawata ta ce akwai wata tambaya da Hausarta ke yi mata gardama, bari ta gwada a kan Mama. Ta gyara zama ta ɗauko biro, cikin wasa ta gaishe ta kamar baƙuwa, sannan ta fara daga tambayar farko.

"Mama, yara nawa gare ki?"

Mahaifiyata ba ta ɗago daga faifan ba. Ta ce, "Huɗu."

Mu biyar ne. Ina zaune kusa da ita har gwiwata na taɓa tabarmarta. Ƙawata ta dube ni ta yi dariya ta nuna ni da biro.

"Haba Mama, huɗu? Wannan fa, a kasuwa kika sayo ta?"

Mahaifiyata ta ja gefen mayafi ta rufe baki. Ta ce, "Wagga ta tsohuwa ta." Ta miƙe ta ce bari ta duba wuta, ga shi ko hura ta ba a yi ba.

Kada ku ce na ji zafi. Ko kaɗan. Ni ɗiyar fari ce, haka na tashi na gani. A wajenmu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta sa shi cikin lissafi in an tambaya. Sau da yawa ma da an yaye shi sai kaka ta ɗauke. Ni tun yaye aka kai ni Tabla wajen kakata ta wajen uwa, ita nake kira Inna, mahaifiyata kuwa Yaya nake ce mata kamar yadda na ji ƙannenta na faɗa. A Tabla na koyi tafiya bayan jaki, na koyi korar tsuntsu daga gero, ban ji kalmar Faransanci ko ɗaya ba sai da aka dawo da ni Filinge aka sa ni lakwal, kuma a makare aka sa ni. Ƙanwata da ke bi na a gari ta tashi, ta yi jardan da ƙaramar jakarta mai hoton kyanwa.

Abin da ya sa na kasa tashi daga tabarmar shi ne na ga ni da ƙanwata a cikin takarduna. Mu ne ainihin irin 'yan'uwan da nake nema. Uwa ɗaya, uba ɗaya, amma tukunyar da ta raine ni tana Tabla, tata tana Filinge. Shirun da ƙawata ke rubutawa a matsayin rashin kula kuwa, yanzu na gan shi da idona a fuskar matar da na san ba ta taɓa cin abu mai daɗi ba sai ta aiko mini da rabo ta hannun wani.

Washegari na koma makarantu da tambaya guda da ba ta cikin takarda. Na riƙa tambayar manyan yaran wa ya raine su. Wannan ya ce kakarsa a Tabla, waccan ta ce gwaggonta a Damana, wani ya ambaci ƙauyen da ko ni ban san shi ba. Akwai waɗanda a gaban uwayensu suka tashi, amma waɗanda aka bayar riƙo sun yi yawan da ba zan iya rufe ido a kansu ba. Ashe ina gwada ɗan ƙauye da ɗan gari ne, da goyon kaka da goyon uwa, da wanda aka sa lakwal a makare da wanda aka sa da wuri, duk na haɗa na rubuta musu suna jardan.

Na shiga mota na koma Yamai. A hanya, kamar yadda na saba, na tsara yadda za a yi: zan faɗa wa malamina, zai dafe kai, zai miƙe ya ce lallai ya haifi ɗaliba. Abin da ya faru shi ne ya saurare ni har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya yi murmushi ya ce shi ma ɗan fari ne, mahaifiyarsa har ta bar duniya bai ji sunansa a bakinta ba. Ya ce maganata gaskiya ce, babu ja. Sai dai lokaci ya ƙure, masu kare kundi a wannan zagaye an kusa rufe sunayensu. Ya ce in bar sakamakon yadda yake, in ƙara sakin layi guda a shafin ƙarshe inda ake faɗin iyakokin bincike, in ambaci al'adar a can. Ya ce babu binciken da ba shi da rami, kuma kowa ya san jardan abu ne mai kyau, in kundina ya ce haka wa aka cuta?

Na ce masa shafin ƙarshe ba mai kai wa can. Abin da mutane za su ɗauka shi ne abin da ke shafin farko, cewa matan Kurfai, wato yankinmu na Filinge, ba su damu da 'ya'yansu ba sai an kai su jardan. Na ce kuma ko batun yaran ne, ni kaina ban sani ba ko jardan ne ya sa ƙannen suka fi, ko zaman gari ne, to da wane baki zan tsaya gaban mutane in ce na sani?

Ya daina murmushi. Ya ce sabon tsari ba zai yiwu a wannan shekara ba, in na janye sai baɗi, kuma bai yi mini alkawarin zai sami sararin duba aikina baɗin ba. Da yana ce mini ɗiyata, sai ya koma madmazel.

"Madmazel, ke ba ki san abin da kike jefarwa ba. Waɗanda ba su kai ki ƙoƙari ba za su fita su bar ki nan."

Na ce, "Malam, su fita. Ni ba zan sa hannu a takardar da ta ce uwata ba ta san ni ba."

Ya tura mini kundin ta kan tebur ya ce in rufe masa ƙofa in na fita. A littattafan da na karanta, a irin wannan wuri yarinya takan fita kanta a sama. Ni na fita kaina a sama, na yi tuntuɓe da matakala, takardu suka watse, na durƙusa ina tsincewa ina kuka da majina.

Da na koma Filinge, saurayina na fara gaya wa. Malamin lissafi ne a koleji, mutum mai haƙuri da ƙarancin magana. Muka zauna ƙarƙashin bedi, wato itacen dogon yaro, a ƙofar gidanmu na zayyana masa komai, ina jiran ya ce ko shekara dubu ce zai jira ni. Ya kalli takalminsa, ya ce, "To ni dai na riga na yi wa ɗakin auren fenti." Na ji kamar in kwaɗa masa kujera. Daga baya ya tambaye ni yadda na gane matsalar, na sake bayani, ya zana wani abu a ƙasa da tsinke ya ce e, lissafin ba ya tsayuwa. Iyakar soyayyar da na samu a ranar ke nan, kuma sai da na girma na gane ta fi wadda nake jira.

Mutanensu sun aiko a roƙi mahaifina ya sassauta, a yi bikin tun da saura kaɗan. Ya ce, "Karatu nic ce, ban ce rabin karatu ba." Ni kuma ya kira ni ya ce tun da ni na zaɓi in tsaya, to in tsaya da ƙafata, kada in zo masa da kuka. Gari ya ɗauka. A gidan suna da gidan biki ana cewa ɗiyar wane ta faɗi tana ɓoyewa. Wata gwaggon saurayina ta tare ni a kasuwa ta ce in ba na son ɗansu in faɗa tun da wuri, 'yan mata ba su ƙare ba a Filinge. Na ce mata ina son shi, kuma zan aure shi da takardar da ba na kunyarta. Ta ce bakina ya yi tsawo, na ce a gidanmu aka auna shi.

Duk wannan bai girgiza ni ba kamar saƙon da ƙanwata ta kawo mini wata safiya. Mahaifiyata ba ta taɓa yi mini maganar kai tsaye ba, ba ma yadda za ta yi. Ƙanwata ta shigo ɗaki da kwanon fura ta ajiye, ta tsaya tana murza yatsu. Ta ce Mama ta ce a gaya wa waccan, in maganarta ce ta ɓata aikin, a kira baƙuwar ta dawo ta sake tambaya, za ta ce biyar. Har sunan ma, in ana so, za ta faɗa.

Ku da ba ku tashi cikin wannan al'ada ba, ba lallai ku ji nauyin abin da ta miƙo ba. Mace ce da ta riƙe wannan kunya tun tana yarinya, a gaban uwarta da surukanta da kowa, ta ce za ta ajiye ta a gaban baƙuwa don kada in rasa shekara. Na zauna ina kallon furar. Sannan na ce wa ƙanwata ta koma ta gaya wa Yaya ba ta ɓata komai ba, amsarta daidai ce, tambayar ce ba ta da tarbiyya. Na ce kada ta kuskura ta canza ko harafi ɗaya saboda takarda. Takardar ce za ta koyi yadda ake magana da ita.

A Filinge na yi wannan shekarar. An buɗe wani sabon jardan a wata unguwar da yawancin mutanenta manoma ne da masu sana'ar hannu, yaran da aka kawo sun fi kujerun da ke akwai yawa. Shugabar wurin ta gaji da masu zuwa gidanta da sassafe da kaza ko da gaisuwar wani babba. Na ba ta shawarar a yi ƙuri'a, ita da kwamitin iyaye suka tattauna suka yarda. Aka naɗe sunayen yara aka zuba a ƙwarya, aka kira wata tsohuwa da ba ta karatu ta riƙa ɗauka a gaban kowa. Ban hana wani yaro kujera ba, kujerun da ma ba su isa ba. Abin da ƙuri'ar ta yi shi ne ta sa waɗanda suka shiga da waɗanda ba su shiga ba suka zama iri ɗaya: a kowane ɓangare akwai ɗan fari da auta, akwai goyon kaka da goyon uwa, akwai mai hali da marar shi. Daga nan in an bi su shekara da shekaru aka ga bambanci, mutum na iya buɗe baki ya ce na jardan ne.

Wani ɗan kasuwa da sunan ɗansa bai fito ba ya same ni a bakin makarantar ya ce ni ce na kawo wannan bidi'a, shi da ya ba da siminti a ginin. Na ce masa Allah ya saka da alheri a kan simintin, ƙwarya dai ba ta san shi ba. Ya ce zai kai ƙarata wajen mahaifina. Ya kai kuwa, mahaifina ya ba shi shayi.

Sauran gyare-gyaren na yi su a hankali. Na nemi izinin iyayen yaran duka, waɗanda suka shiga da waɗanda ba su shiga ba. Na tsara cewa mai gwada yaro ba zai san ko ya yi jardan ba, don kada son rai ya shiga hannunsa. Gwajin kuma da Hausa za a fara shi, domin yaron da ya iya ƙirga awakin gidansu ya ba ka labari daga farko har ƙarshe, kada a rubuta shi marar wayo saboda bai iya gaisuwa da Faransanci ba. Tambayoyin gida kuwa na sake su gaba ɗaya. Kafin komai sai an san a hannun wa yaro ya tashi, sannan a je wajen wannan mutumin a tambaye shi. Na gwada a kan Inna a Tabla, na yi nadama, domin tambaya ɗaya na yi mata ta ba ni tarihina har rana ta karkata, da ƙari mai yawa.

Ƙawata ta riga ta kare nata kundin ta fara aiki, amma ta ɗauki hutu ta zo don mu gwada sababbin tambayoyin. Na ce mu fara da inda muka faɗi. Muka tarar da mahaifiyata a tsakar gida tana tankaɗe. Wannan karon na koma bakin ƙofar ɗaki na juya baya kamar ina gyaran tsintsiya, don in rage mata nauyi.

"Mama, yara nawa ne a gabanki?"

"Huɗu."

"Akwai na wajen tsohuwa?"

Na ji rariyar ta tsaya. Har na ɗauka za ta tashi duba wuta. Sai ta ce, a hankali, "Akwai."

Ƙawata ta rubuta. Ta ce to wa za a tambaya labarinta? Mahaifiyata ta ce a tafi Tabla, tsohuwa ta san komai. Rariyar ta ci gaba da motsi. Har ƙawata ta fara haɗa takardu sai na ji mahaifiyata ta ƙara magana, muryarta ƙasa ƙasa, kamar da garin take yi.

"Amma in tac ce muku ba ta taɓa ciwo ba, kar ku rubuta. Ta yi ƙyanda, da damina. Nit tafi nit tsaya bayan darni ina jin tarinta, har ranar da yal lafa."

Ban taɓa sanin ta zo ba. Inna ba ta taɓa faɗa mini ba, wataƙila ita ma ba ta sani ba. Na ci gaba da gyaran tsintsiyar da ba abin da ya same ta, ban juyo ba, domin in na juyo na ɓata mata.

Shekarar da ta biyo na kare kundina. Malamina ya dawo ya karɓi aikin ba tare da ya ce komai a kan abin da ya wuce ba, ni ma ban ce ba, sai dai ya koma ce mini ɗiyata. Ɗakin bai yi tsit ba. Malaman sun yi ta ja da ni, ɗaya ya ce na kawo musu tsari da somin aiki ne kawai, ina sakamakon? Na ce sakamakon yana jardan yana koyon riƙe alli, sai mu jira shi ya girma. Leshin da na sa ruwan ƙasa ne, farin ya yi mini kaɗan. Saurayina ya zauna a kujerar baya kamar yadda na tsara, sai dai gyangyaɗi ya yi. Ɗakin auren nan kuwa sai da ya sake masa fenti.

Har yau mutane na tare ni su ce to a taƙaice, jardan na da amfani ko ba shi da? Nawa 'ya'yan na kai su. Amma abin da zuciyata ke so daban, abin da zan iya tsayawa in rantse a kai daban, kuma wannan shekarar da na rasa ita ce ta koya mini kada in haɗa su. In za ka gwada yara biyu, ka fara sanin a ina kowannensu ya kwana, wa ya goya shi, wa ya zaɓe shi ya shiga. In uwa ta yi maka shiru, kada ka yi saurin rubuta ma'anar shirun. Ga masu cewa taurin kai ne ya sa na yi asarar shekara, na yarda, taurin kai ne, kuma in aka mayar da ni ofishin nan zan sake faɗin abin da na faɗa, sai dai wannan karon zan lura da matakala.

Yanzu ni ma ina da ɗan fari. Da duk karatuna, in aka tambaye ni sunansa a gaban manya sai in ji harshena ya yi nauyi, in ce a tambayi ubansa. Mahaifiyata ta tsufa, har yau ba ta kira sunana ba, ni ma ban nema ba. In na je Filinge takan ce wa ƙanwata a gaya wa waccan abinci na nan. Nakan ci, in tuna da macen da ta tsaya bayan darni cikin damina, da yadda saura kaɗan in rubuta da hannuna cewa ba ta sani ba.